Neman Cediya

Dakta Abdulfatah ya kira ni ranar Alhamis da hantsi, ina tsakiyar aji, ya ce mujallar da na gina babi na uku a kanta babu ita a duniya. Shi ne mai duba kundina na digiri na biyu, mutum ne mai kirki, amma Allah bai ba shi iya zagaye magana ba. Ya ce ya shiga rumbun bayanan mujallu na intanet, inda ake ajiye sunan duk wata jarida ko mujalla da aka taɓa yi wa rajista, ya rubuta sunan mujallar, Cediya, bai ga komai ba.

"Malama Mutmainna, na ba ki zuwa Litinin," in ji shi. "Ki kawo mini shaida daga rumbun, ko ki cire babin. In ya je gaban kwamiti a haka za su ce ƙirƙira kika yi, kuma kin san hukuncin wannan."

Na sani sarai, kora ce. Shekara uku ina hawa motar Katsina daga Jibiya duk ƙarshen mako saboda kundin nan, kuma babi na uku shi ne ƙashin bayansa. In na cire shi, abin da zai rage bai kai a ɗaure da zare ba.

Matsalar ita ce mujallar ta mahaifina ce. Baba, Malam Ummaru Ya'u, ya yi aikin ɗab'i a Maradi yana saurayi, kuma tun muna yara yake ba mu labarin cewa shi da abokansa biyu sun fitar da mujalla mai suna Cediya, fitowa tara, kafin a rufe iyaka takarda ta daina zuwa daga Kano. Mun ji labarin har mun haddace. Mahaifiyarmu, Inna Rabi, in za ta miƙa masa kunu sai ta ce, "Edita, ga naka," mu kuma mu ƙunshe dariya. In an tambaye shi ina kwafin, sai ya ce gara ta cinye su a shekarar da ɗakin baya ya zuba. Abin da ya tsira falle ɗaya ne, shafi na biyar da na shida, wanda aka shimfiɗa a ƙasan akwatin Inna. A gefe guda akwai shawara kan ajiyar wake da toka, a ɗaya gefen wasiƙun masu karatu daga ƙauyukan Riko da Mazanya. Babu bango, babu suna a sama, babu kwanan wata.

A kan wannan fallen da hirar da na ɗauka da Baba na rubuta shafi talatin game da Hausar jaridun bakin iyaka. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, ko ni ban gama yarda da shi ba. Baba mutum ne mai son labari ya yi daɗi, in ya kama kifi a gulbi yau, zuwa jibi kifin ya ƙara kamu biyu. Da Dakta ya kashe waya, abin da ya fara zo mini a rai shi ne tsohon nan ya ja mini. Na yi fushi da shi ƙwarai, har na wuni ban leƙa rumfarsa ba, kuma ban gaya masa dalili ba.

Ranar Juma'a na gwada da wayata, shafin ya riƙa juyawa kamar mai neman hanyar gida, bai buɗe ba. Don haka Asabar da safe na hau acaɓa zuwa Magama, bakin iyaka, shagon Sadisu. Shi ne mai buga wa direbobi da 'yan kasuwa takardun kaya, yana da sola da kwamfuta biyu, kuma ya sa layin Nijar a na'urarsa, wanda a wurin ya fi namu ƙarfi. Manyan motoci sun yi layi tun daga kwana, warin albasa da na man dizal sun cika ko'ina. Sadisu ya ture wasu takardu ya ba ni kwamfutar da ke jikin taga.

Rumbun ba shi da wuyar sha'ani. Akwati ne a sama inda za ka rubuta suna, a gefe kuma wuraren tacewa: ƙasa, harshe, shekara. Na rubuta Cediya. Ya ce babu sakamako. Na rubuta Mujallar Cediya, na rubuta Cediyar Maradi, shiru. Na daure na rubuta Chediya, duk da cewa ni malamar Hausa ce, kuma duk ɗalibin da ya saka mini H bayan C jan biro yake sha. Nan ma babu.

Sai na bar suna na koma tacewa. Na zaɓi harshen Hausa, jerin ya fito, na bi shi daga farko har ƙarshe, akwai na Zariya da na Kaduna da na Yamai, babu tamu. Na cire harshe na zaɓi ƙasar Nijar. Sunaye suka zubo ɗaruruwa, kusan duk da Faransanci, an jera su bisa haruffa. Na tafi kan harafin C na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa a jikin gilashi, sau biyu. Azahar ta gabato, idona ya fara yaji, kuma na fara tsara a raina yadda zan gaya wa Dakta cewa mahaifina ya yi ƙari.

Ina cikin haka gardama ta tashi a bayana. Wani direba ne ɗan Nijar, dogo, da rawani a wuya, ya dawo da takardar da Sadisu ya buga masa yana kaɗa ta.

"Wanga ba sunana ba ne," in ji shi. "In na kai ma 'yan duwan wagga takarda, cewa za su yi mutum biyu ne, su tsaida ni har gobe."

Duwan su ne kwastan na can. Sadisu ya ɗago a gajiye ya ce, "Ba kai ne Shafi'u ba? Shafi'u na rubuta."

"Shafi'u nike, amma ba haka anka rubuta ba. Dubi kart ɗina." Ya ajiye katin shaidarsa a kan tebur ya danna da yatsa. "Tun lakwal, ina ɗan makaranta, haka nika rubuta shi."

Daga inda nake ina hango katin. An rubuta Chafiou. Na san da wannan salon rubutu irin na Faransanci, kowa a Jibiya ya sani. Mun saba ganin Oumarou da Hadjia da Djibia a jikin motoci kullum, har mukan yi wa mutanen Nijar tsiya a kai. Amma ban taɓa kawo wa raina cewa abin zai shafi kalmar da na iya rubutawa tun ina aji biyu ba. Na juyo wajen direban.

"Malam, don Allah," na ce masa, "in za ka rubuta cediya, itacen nan, yaya za ka rubuta ta?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan garinsu. Ya karɓi biron Sadisu, ya juya bayan takardar da ta lalace, ya rubuta a hankali ya turo mini. Tchédia.

"Mi ad da wuya nan?" in ji shi. "Na ji Sadisu na ce miki malama."

Ya fi ni gaskiya. Na juya na buga harufan yadda ya rubuta, ban ma san inda ake samo ɗan karan da ke kan E ba, na bar shi haka. Sakamako ɗaya ya fito.

Na danna. Suna, Tchédia. Wurin bugawa, Maradi. Fitowa, wata-wata. A wurin harshe an sa Faransanci, shi ya sa ban gan ta a jerin Hausa ba, sai a can ƙasa aka ƙara cewa akwai rubutu da haoussa, shi ma da nasu rubutun. Ga lambar rajista mai tsawo, irin wadda Dakta ke nema. An nuna cewa wani ɗakin karatu a ƙasar waje yana riƙe da fitowa ta ɗaya zuwa ta bakwai. A layin ƙarshe kuma aka rubuta sunan darakta, Oumarou Yaou.

Na daɗe ina kallon sunan. Na yi zaton murna zan yi, amma kunya ce ta rufe ni, irin wadda ke sa mutum ya kasa ɗaga kai. Shekara arba'in mutumin nan yana faɗin gaskiya a cikin gidansa ana ce masa Edita ana dariya, kuma ni da na ci moriyar labarin na fi kowa saurin ƙaryata shi. Sai da baƙon direba ya gyara mini harafi.

Sadisu ya buga mini shafin kwafi biyu. Na ɗauki hotonsa na tura wa Dakta a nan take. Kafin in samu acaɓa amsa ta shigo: "Na gani. Babin ya tsaya. Ki gyara rubutun sunan a ko'ina." Ko barka babu, amma ban damu ba. Shafi'u kuwa ya karɓi sabuwar takardarsa ya duba harafi-harafi, ya fita bai ko san abin da ya yi mini ba.

Na iso gida bayan la'asar. Baba na zaune a rumfarsa da rediyo a cinya, idanunsa sun yi rauni shekarun nan, sai dai ya gane mutum da tafiya. Inna na gefe tana tsince shinkafa.

"Mutmainna ce?" in ji Baba. "Kwana biyu kin ɓuya."

Na durƙusa na gaishe shi, na gaya masa komai, tun daga wayar Dakta har zuwa katin direba. Ban ɓoye nawa ba. Na ce, "Baba, na zaci ƙari ka yi. Ka yafe mini."

Ya yi ɗan murmushi. "Ai na sani. Duk gidan nan wa ya yarda?" Sai ya miƙo hannu. "Mi anka rubuta? Karanta mini."

Na karanta masa layi-layi. Da na zo kan sunan mujallar na ce masa da T aka fara, sai ya ce, "To da mi za a fara? Haka munka sa a bango. Mai rajista bai san C ɗinku ba." Na tambaye shi me ya sa bai taɓa gaya mini ba. Ya ce, "Kin tambaye ni suna, na faɗa miki suna. Ba ki ce in rubuta ba."

Da na ce ana riƙe da fitowa ɗaya zuwa bakwai, ya gyara zama ya ce tara ne, biyun ƙarshe ba su samu aikawa ba. Da na karanta sunan darakta, Inna ta tsaya da tsintar shinkafar. Ta miƙo hannu na ba ta kwafi ɗaya, ta riƙe shi nesa da fuska tana dubawa, ko da yake ba ta karanta boko.

"Shekara fa?" in ji Baba. "Sun sa shekara?"

"Sun sa. Dubu ɗaya da ɗari tara da tamanin da uku, sai ɗan layi a gaba."

"Sai mi?"

"Shi ke nan. Layi ne kawai, babu komai bayansa."

Ya tambayi ma'anar layin. Na yi masa bayani yadda na fahimta a rumbun: in mujalla ta mutu, sukan sa shekarar da ta tsaya bayan layin. In babu shekara, to ba wanda ya sanar da su an daina, a wurinsu tana nan tana fitowa.

Baba ya kashe rediyo. Na zaci ransa ne ya sosu, na fara neman abin da zan ce.

"Ai ba mu daina ba," ya ce. "Takarda ce ta yanke. Fitowa ta goma na gama shirya ta kaf, tana nan cikin kaina. Kina da biro?"

Ina da shi. Na ciro littafin da nake tsara darasi a ciki, na buɗe sabon shafi, na zauna a kan tabarma kusa da ƙafarsa. Inna ta ja kujerarta ta matso, da takardar a hannu har yanzu. Baba ya yi gyaran murya ya ce in fara da sunan mujalla a sama, babba, sannan lamba ta goma.

Na ɗora biro sai na tsaya. "Baba, da C zan rubuta ko da T?"

"Sa yadda za su same mu," in ji shi.