Jinyar Fara

Fara ta sauka a gonar Sodangi da ke Gangara ranar da marka ta kama, amma ba ta ci komai ba. Abin da ya hana shi sukuni ke nan. Duk wanda ya girma a ƙasar Gobir ya san fara ba ta sallama kafin ta sa baki. Wannan kuwa ta lulluɓe gero tun daga gindi har zangarniya, ta yi tsit.

A shekarar, Nasara masu mulki sun kwashe majiya ƙarfi zuwa haƙar ramukan binne fara a wajen garin Isa, ɗingishi ne ya sa aka bar Sodangi. Geron nan da ya fara ƙosawa shi ne abincinsa da na yayarsa Adda da marayunta har wata damina.

Ya ciro ɗaya daga jikin kara. Ko motsi ba ta yi ba. Jikinta sanyi ƙalau, a gaɓoɓinta wani kore-kore ya tsiro kamar funfunar kwantan tuwo. Da rana ta ɗan leƙo ta tsakanin gizagizai, sai ya ga dukansu sun soma hawa a hankali, kowace ta kai ƙarshen zangarniya ta juya haƙarƙarinta ga hasken. Rana ta koma cikin gizagizai, suka tsaya cak.

"Adda, ban taɓa ganin irin wagga hwara ba," ya ce da ya koma gida. "Za ni yi mata hayaƙi yadda baba ka yi."

"Ni dai kamar mai masassara nika ganin ta. Abin da bai taɓa ka ba, ka bar shi."

"In jira ta gama hutawa?"

Sodangi kuwa tun yana yaro, in ya ga tukunya a kan murhu sai ya ƙara mata itace ko ba a sa shi ba. Ya kwashe busasshen itacen da Adda ta tanada don damina, ya hura wuta a kewayen gonar, ya jibga ɗanyen ganye.

Fara ba ta tashi ba. Saukowa ta yi, tana jan ciki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta nufi wutar. Daidai inda zafi ba ya ƙuna ta tsaya, ta yi zobe, sahu bayan sahu, kamar tsofaffi a wurin jin ɗumi. Tsoro ya kama shi sosai, amma ya ce a ransa hayaƙi ne ya gigita ta, ya ci gaba da ƙara itace har la'asar.

A lokacin ne Adda ta iso, numfashinta sama-sama. Ta biyo ta gonar maƙwabcinsu Halliru, wanda yake can wajen ramuka, ba wanda ya hura masa ko tsinke.

"Ta gonar Halliru duk ta mutu," ta ce. "Ga ta nan rungume da kara, ta yi kore. Geronai ko tsaba ba a taɓa ba."

Sodangi ya dubi zoben da ke gabansa. Ɗumin wutarsa ya farfaɗo da ita, fukafukai sun fara rawa. Ɗaya ta yi tsalle ta haye kara, wata ta bi ta.

"Kashe wutar," in ji Adda, muryarta ƙasa-ƙasa.

Yana cikin watsa ƙasa a kan garwashi da hannu biyu ya ji ƙarar cin gero ta soma a bayansa, ƙaras-ƙaras, daga wannan kunya zuwa waccan.