Sakin Gona a Cikin Kwamfuta

Sau nawa kuka wuce ta ƙofar ɗakin nan? Kun leƙa, kun ga yara sun yi cincirindo gaban kwamfutoci shida, kun ce ma sha Allah, ci gaba ya iso Birnin Konni, kuka kama gabanku. Ko ɗayanku bai tsaya ya ga abin da ake koya musu ba. Mutum ɗaya ce ta tsaya, Rahinatou, malamar ajin ƙarshe a wata lakwal, wato makarantar boko, ta bayan tasha, ƴar Bazaga.

A shekarar 2008 ne wata ƙungiya ta kawo kwamfutocin, aka turo Moctar daga Yamai ya kula da su. Saurayi ne mai kai, shi ya rubuta wasan da yaran ke rububi. Ana ba yaro gona, ya shuka gero da wake, ya yi noma, ya girbe. In garken shanu ya shigo gonar sai allo ya yi ja, maki ya zube, sai yaro ya danna ya kore su. Ko da shuka, ko bayan girbi, hukuncin ɗaya ne. Ɗakin kan ɗauki ihu: "Kore su! Kore su!" Cikin mako biyu ƴaƴan makiyaya na ajinta suka daina shiga layi.

Ita kuwa ta tashi tana ganin mahaifinta Sallau, duk shekara in an gama ɗaurin damma an saki gonaki, yana aika wa wani makiyayi mai suna Labo ya kawo garkensa. Shanu su ci kara su bar taki, Sallau ya auna wa Labo gero, a sha hura tare. Ta kuma san abin da kan faru in wannan zumunci ya lalace, domin shekaru biyu da suka wuce an binne mutum biyu a wani ƙauye kusa da nasu kan shiga gona.

Wasan hawa biyu ne, Moctar da kansa ya koya mata a lokacin hutu. A ƙasa akwai harshen kwamfuta mai suna C++, inda ya ƙera Gona da Garke, kowanne da halinsa, ya harhaɗa ya rufe. A sama akwai Lua, rubutu mai sauƙi da malami zai iya buɗewa ya gyara. Amma Lua ba ta ganin komai na ƙasa sai abin da aka yi wa rajista da suna. Moctar ya buɗe mata shuka da ruwan sama da farashin wake. Garke bai buɗe ba. Ta yi kwana huɗu tana kiransa cikin rubutunta, injin na ce mata bai san wannan suna ba.

Ran Talata da hantsi ta ji an yi masa canjin wurin aiki zuwa Agadas, Alhamis zai tafi. Ta bar aji ga malamar ajin da ke kusa, ta same shi yana ɗaure littattafai cikin kwali.

"Mushe Moctar, ashe tahiya za ka yi ka bar muna shanunka suna ɓarna?"

"Madan, shanun Allah dai. Mi suka yi kuma?"

Ta faɗa masa. Ya saurara, ya sosa ƙeya, ya ce ai wannan ƙaramin abu ne. Zai sa a ciki cewa daga ɗaya ga Disamba shanu su shiga ba laifi, minti goma ya gama.

"Ɗaya ga Disamba? Wa ya ce maka?"

"To, sha biyar."

"Kai da ba ka san gero ba sai cikin hura! Ba kalanda ka sakin gona ba. Sai an zauna, an duba wa ya kwashe, wa dawarsa ba ta nuna ba, sannan a yi shela. Bara Bazaga ta riga Dogarawa da kwana tara. Bana Allah kaɗai ya sani. In ka rufe rana guda a ciki ka tahi, wa zai gyara ta baɗi?"

"Ki rubuto mini."

"Agadas? In jira wasiƙa, yara na ihu?"

Ya zauna bisa kwalin. Ya ce ba rowa ba ce. Abin da ke ƙasa ba shi da yafiya, kuskure ɗaya wasan ya mutu, kuma ba ya nan balle ya tashe shi. Shekara guda ya yi yana gina shi.

"Na sani," in ji ta. "Amma gonar ta ubana ce, ba taka ba. Buɗe mini ita."

Sai ya jawo kujera.

Har azahar yana rubutu, tana tsaye a kansa. Kowane aiki sai ya yi masa ɗan rubutun da zai karɓi saƙo daga Lua, ya duba lafiyarsa, ya miƙa ƙasa, sannan ya yi masa rajista da suna. Ita ta zaɓi sunayen: saki, taki, kara, gayyata. Ya so ya sa su da Faransanci, ta ce malamin da zai gaje ta ma ɗan nan ne.

Gwajin farko, shanu na taka gonar wasan ya ɗauke ɗif. Moctar ya dafe kai.

"Kin gani? Abin da nike gudu ke nan."

Ba ta matsa ba. Ta ce ya nemo dalili. Bayan la'asar ya gano. Lua na da al'adar share duk abin da ta ga an gama amfani da shi, sai ta ɗauka gonar tata ce ta share ta, injin ya zo nema bai tarar da komai ba. Ya gyara ta yadda Lua za ta riƙa taɓa gonar amma ba ta da ikon zubar da ita. Laifinsa ne, kuma ya faɗa da bakinsa.

Sai ya tashi ya ba ta kujerar. Da yatsu biyu ta rubuta layi goma sha ɗaya. In da shuka a gona, shigar garke ɓarna ce, kamar da. In malami ya yi shelar saki, manomi na iya gayyatar garke, kara ya ragu, taki ya ƙaru, amfanin baɗi ya fi na bana. Ta kunna. Shanu suka shigo a hankali, allo bai yi ja ba, ƙasar gonar ta fara yin duhu a ƙarƙashin ƙafafunsu. Ta rufe baki da gefen mayafinta.

Ran Alhamis kabu-kabu ya kai Moctar tasha. Ya bar mata faifan gyararren wasan da takarda shafi uku ta sunayen da ya buɗe. Da aka saki gonaki a Bazaga a shekarar, ita ta sa ranar cikin wasan da hannunta.

Amma an riga an kai tsohon wasan wasu makarantu biyu, ɗaya wajen Malbaza ɗaya wajen Illela, a rufe yadda yake. Ta rubuta musu sau uku, ba wanda ya zo karɓar gyaran.

Kai mai karatu, kana da ɗa ko ƙanwa a wani aji. Gobe da safe ka je ka zauna a kujerarsu, ka buga wasan kwamfutar da aka ba su tun daga farko har ƙarshe. Ka tambayi shugaban makarantar wa ke da ikon gyara shi a garin nan. In ya ce ba kowa, kada ka tashi sai an kashe wasan ko an buɗe shi ga malaman.