Tururuwar Alasan

A Matamaye, a shekarun da gyaɗa ke tashe, an yi wani mai tufkar igiya da ake kira Mailafiya. Gindin wata tsamiya yake zama a bakin kasuwa, babban yatsan ƙafarsa riƙe da bakin igiya, tafin hannunsa na murza rama a cinya. Igiyarsa ba ta fi ta kowa kyau ba. Abin da ke tara masa jama'a bayan la'asar shi ne sanin ƙwari. Ya san abin da ya sa zanzaro ke kai tsutsa ɗakinsa ya liƙe, ya san ranar da shinge zai fito tun hadari bai haɗu ba, kuma yana iya yini cur yana bin buzuzu don ya ga inda zai kai kayansa.

Da farko dariya ake yi masa. Shekarar Muda ce, lokacin da hatsi ya yi wuya, ta ɗaga sunansa. A wannan shekara shi ne ya shige gaba, mata da maza na biye da shi da ƙwarya da fartanya, yana nuna masu gidajen tururuwa. Ya san gidan da ke da ajiya da wanda babu komai, daga kallon ƙaiƙayin da ke bakin ramin. A tona a hankali, a kwashe tsabar da tururuwa ta tara, a sheƙe, a dama kunu. Amma ya kafa doka ɗaya: a raba uku, a ɗauki biyu, a bar wa masu gida ɗaya, a rufe masu ramin da kara da ƙasa, domin wanda ya kwashe duka ba zai sami abin tonawa baɗi ba. Tun daga Kurni har Tsauni, in aka ce rabon Mailafiya, kowa ya san abin da ake nufi. Ba shi da gona mai girma, ba shi da doki. Wannan suna shi ne dukiyarsa.

Yana da taubashi, Alasan tela, ɗan ƙanen mahaifiyarsa, wanda rumfarsa ke tsallaken hanya. Tun suna yara kowannensu ke kiran ɗan uwansa bawansa, kuma ba a taɓa raba gardamar ba. Wata rana keken ɗinkin Alasan ya lalace, ya kai shi gyara Damagaram. Ya kwana biyar, ya dawo da keke, ya kuma dawo da labari. Ya shiga sinima, in ji shi, ya ga tururuwa a bango, kowace ɗaya ta kai girman kamiyo, babbar motar jigilar gyaɗa. Suna fitowa daga ƙasa, suna ɗaga gidajen Nasara kamar yadda ake ɗaga faifai a kan ƙwarya.

Mailafiya ya yi dariya ran farko. Ya ce a bar bawansa ya sha iska, kwana uku labarin zai mutu.

Bai mutu ba. Wanda ya ji jiya sai ya dawo yau ya sake ji, ya zo da maƙwabcinsa. Alasan kuwa ya iya baki. Yakan ɗauki almakashi ya buɗe shi a gaban fuskarsa ya nuna yadda bakin tururuwar yake, ya taka keke da ƙarfi ya nuna ƙarar tafiyarta. Kafin wata ya ƙare, gindin tsamiya ya koma daga Mailafiya sai tsoho Shekara baduku, shi ma don inuwa yake zuwa. Mailafiya na murza rama, kunnensa na tsallaken hanya.  Shekara hamsin yana durƙuso a bakin ramuka har gwiwoyinsa suka yi kanta, sai ga wanda bai san bambancin kiyashi da cinnaka ba ya zama malamin tururuwa don ya zauna dare ɗaya a gaban bango.

Duk wannan da sauƙi. Shekara ne ya kawo masa abin da ya hana shi cin tuwo. Ya ce ya leƙa rumfar ya ji ƙarshen labarin. Wai da sojojin Nasara suka ci ƙarfin tururuwar, sai suka tona gidanta, suka tarar da rumbu, kowace ƙwayar gero kamar kabewa. Suka yi kwana arba'in suna jida. Sannan suka raba uku, suka ɗauki biyu, suka bar ɗaya, suka rufe ramin.

"To, me mutane suka ce?" in ji Mailafiya.

Shekara ya soka basilla a fata. "Cewa suka yi, ashe abin nan na Nasara ne. Wai wata ƙila a bakin wani ɗan sarki mai yi masu aiki ka tsinto."

A daren nan Batulu matar Mailafiya ta ajiye masa akushi, ta dawo ta tarar ko buɗewa bai yi ba. Ta tambaye shi ko ciwo ne, ya ce a'a. Ta ce to ita dai ba ta san namiji ma na yin kumallo ba sai yau. Ya ce ba kishi yake yi ba, gaskiya yake nema. Ta ce ai shi ke nan, gaskiya tana Damagaram, ga hanya.

Ya kama maganarta kamar da gaske. Ya ɗaure igiyoyinsa dami guda da sunan zai kai su kasuwar birni, ya hau bisa buhunan wani kamiyo. Tun daga Matamaye yake ta saƙawa da kwancewa. In ya tarar ƙarya ce, ya gama da Alasan. In kuwa ya tarar Nasara sun san rabon uku tun kafin shi, to, bai san da wace fuska zai koma gindin tsamiya ba.

Ya sauka gidan Alhaji Isufu, ɗan uwan Batulu, mai fataucin fata. Sai da ya kwana huɗu yana zarya zuwa sinima kafin a sake nuna fim ɗin tururuwar. Mai gadin ƙofar sinima ya saba da shi har suna gaisawa. Shi ne ya faɗa masa cewa wannan ne karo na bakwai da ake dawo da shi, kuma kullum sai wuri ya cika. Na doki da na soyayya sau ɗaya ake kallo a manta, amma wannan, wanda ya gudu jiya shi ne zai riga kowa zuwa gobe. Ya kuma ba shi shawara kada ya zauna gaba, don mutanen gaba ne ke tsallake katanga in kan abin ya fito.

Mailafiya ya zauna gaba, a ƙasa, ya naɗe ƙafa.

Fili ne mai katanga, ba rufi, da bango guda da aka shafa wa farar ƙasa. Bayan lisha haske ya faɗo a bangon. An daɗe Nasara na ta magana da Faransanci, suna shiga mota suna fita, har ya fara gyangyaɗi. Can sai ƙasa ta tsage, kan tururuwa ya cika bangon daga wannan gefe zuwa wancan. Mutanen da ke kusa da shi suka watse, wani ya taka masa hannu. Shi kuwa ya kasa motsi, ba don tsoro kaɗai ba. Ga ƙaho biyu masu lanƙwasa kamar gwiwar hannu, daidai yadda ya sani. Ga ƙafa shida, ya ƙirga su sau biyu. Amma ga gashi a ƙafafun, tsaye kamar ƙayar bushiya, kuma idon ba ɗaya ba ne, ɗaruruwan idanu ne a manne kamar saƙar zuma. Shekara hamsin yana kallon tururuwa, bai taɓa sanin tana da gashi ba. Hawaye ya zubo masa. Sai kuma haushi ya biyo baya, don ya tuna Alasan ya riga shi gani, kuma ko sau ɗaya bai ambaci gashin ba.

Ya zauna har ƙarshe. Sojoji suka kora tururuwar cikin raminta da hayaƙi. Aka kawo manyan motoci aka yi ta ɗura siminti har ramin ya toshe. Wani Bature ya rungumi wata mace, haske ya mutu. Ba wanda ya tona komai. Ba rumbu, ba kabewa, ba rabo.

Ya tambayi mai gadi ko akwai saura. Mai gadi ya ce shi ke nan, haka yake ƙarewa kullum. Mailafiya ya koma masauki yana tafiya kamar saurayi.

Ranar da ya iso Matamaye bai je gindin tsamiya ba. Bayan la'asar ya tsallaka hanya, ya kutsa cikin taron da ke rumfar Alasan, ya zauna gaba. Ya bari har Alasan ya kai wurin ƙwayar gero mai girman kabewa, sannan ya yi gyaran murya.

"Bawana, ƙafa nawa gare ta?"

Alasan ya dubi almakashin da ke hannunsa. "Da yawa."

"Da gashi ko babu?"

"Wa ya tsaya duba gashi, tsoho? Aski na je yi mata?"

Aka yi dariya. Mailafiya ya jira ta lafa, sannan ya faɗa masu inda ya je da abin da ya gani. Ya faɗi ƙaho, ya faɗi gashi, ya faɗi idanu. Ya ce ya zauna har aka kashe haske, kuma Nasara ba su tona ko taki ɗaya ba, siminti suka ɗura suka tafi gida. Rabon uku ba ya cikin bangon nan, ba ya wurin Nasara, daga gindin tsamiyar can aka sato shi. Ya gama ya dubi Alasan, yana jiran ya ga fuskarsa ta zube.

Alasan ya sosa ƙeya, ya yi murmushi. Ya ce gaskiya ne, da kan abin ya fito shi bai san lokacin da ya haura katanga ba, har yau takalminsa ɗaya na Damagaram. Da ya dawo aka matsa masa da tambayar ƙarshe, sai ya duba cikinsa ya ga ba shi da komai game da tururuwa sai abin da ya ji a bakin Mailafiya.

"Kuma ban ga sata ba a nan," in ji shi. "Bawa da abin hannunsa ai duk na ubangijinsa ne."

Wannan karon dariyar ta fi ta farko, har da masu riƙe ciki. Ba wanda ya tsine wa Alasan, ba wanda ya tashi. Mailafiya kuwa, kwana shida da hawan buhuna, ga abin da ya samu.

Shekara ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya matso da kunnensa mai ji, ya ce, "Tsaya, Malam Mailafiya. Hatsin fa?"

"Wane hatsi?"

"Na cikin ramin. Tururuwa mai girman kamiyo ai ba ta rasa ajiya."

"Yana nan ƙarƙashin siminti."

 Duk wanda ke zaune nan ya ga shekarar Muda, wasu sun binne 'ya'ya a cikinta. Wani ya yi salati a hankali. Wani ya ce yanzu mutane da hankalinsu su ci ƙarfin abu irin wannan, su toshe abinci su tafi rungumar mace. Sai wani manomi daga Kurni ya tambayi Mailafiya, in da shi ne a wurin, ta ina zai fara tonon rami mai wannan girma.

Mailafiya bai yi niyyar amsawa ba, bakinsa ne ya riga shi. Ya ce ba ta baki ake shiga ba, ta gefen da ƙaiƙayi ya fi tudu ake bi, don nan ɗakin ajiya yake. Ya ce da hantsi ake yi, lokacin da masu gida suka fita kiwo. Ya nemi tsinke zai zana masu a ƙasa, ya ga rumfar ta yi ƙunci, ya tashi ya nufi tsamiya yana ci gaba da magana. Taron ya bi shi. Alasan ma ya rufe kekensa da zane ya biyo baya, ya zauna can gefe yana ta gyaɗa kai, kuma Mailafiya ya lura bakinsa na motsi, yana haddace zancen gashi da idanu.

Daga ranar ba wanda ya sake cewa rabon uku na Nasara ne. Jama'a ta dawo gindin tsamiya, ko da yake rabi ne, don Alasan ya ƙara gashi da idanu a labarinsa har ya fi na da daɗi, kuma bai canja ƙarshensa ba, mutane ma ba su so ya canja. Aka yi shekara, aka yi biyu, labarin bai tsufa ba. Masu zuwa Damagaram suka riƙa shiga sinimar don su gani da idonsu, su dawo su ce bangon ya yi kuskure a ƙarshe.

Abu ɗaya ne Mailafiya bai samu ba. Ranar wata kasuwa wasu mata biyu suka tsaya sayen igiyar guga. Ɗaya na ba ɗaya labarin wani bijimi da ta gani a Tsauni, ta ce girmansa sai ka ce tururuwar Alasan.

Mailafiya ya ɗago kai. Ya ce kan tururuwar kaɗai Alasan ya gani, shi ne ya ga sauran jikin.

Matar ta ce to, Allah ya ba da haƙuri, Baba, haka dai ake faɗi. Suka ɗauki igiyarsu suka wuce. Ya bi su da kallo, ya dubi tsallaken hanya inda keken Alasan ke ta kaɗawa, sannan ya tofa yawu a tafinsa ya ci gaba da murza rama, da ƙarfin da sai da gashin cinyarsa ya tuje.