Ƙananan Karfasan Malam Ja'afar

Malam Ja'afar ya gaji kamun kifi a Tiga, amma kiwonsa a kududdufi sabon abu ne a wurinsa. Karfasa ya zuba, 'ya'yan uwa ɗaya, abincinsu ɗaya. Wasu suka yi ɓul-ɓul, wasu kuwa suka tsaya cak. Manyan yakan kwashe ya kai kasuwar Kiru, ya bar ƙananan su ƙara girma. Damina ta wuce, suna nan yadda suke.

Ran da ƙanwarsa Mubaraka, wadda ke aiki a gidan ƙyanƙyasar kifi, ta zo gaishe shi, sai ya kai mata kukansa.

"Yaya, ai mata ka tara," in ji ta. "Tun a cikin ƙwai namiji yake ɗauko gadon girma. A wurinmu ma, idan muka tsoma ƙwai a ruwan sanyi, kifin yakan fito da gado kashi uku maimakon biyun da aka saba, na uwa da na uba. Ba ya haihuwa, sai ƙiba."

Ta kamo ƙarama ɗaya, ta buɗe bakinta a hankali a kan ƙwaryar ruwa. 'Ya'ya suka zubo kamar tsakin gero, kowanne da idanunsa, suna iyo.

"A baki take renonsu. Ba ta cin komai sai sun fita."

Malam Ja'afar ya durƙusa yana kallo. Wata da watanni yana ce wa karfasar nan raguwa.

"Tsarki ya tabbata ga Allah," ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Mayar mata da su, Mubaraka. Ashe azumi take yi."