Hannun da Ke Kwantar da Don Aurelio

A gidan kula da tsofaffin nan na Springfield, kusa da birnin Washington a Amurka, duk wanda ya birkice Sailuba ake kira masa. Shekara tara tana aikin. Tun makonta na farko Yashim, shugabar nas-nas, 'yar Kaduna, ta ba ta sirrin: "Mai ciwon mantuwa in ya fara tone-tonen baya, kar ki biye masa, kar ki yi masa musu. Ki kawar da hankalinsa kawai." Sailuba ta riƙe wannan har ta fi malamarta.

Don Aurelio, mutumin Kolombiya, shi ne a ɗaki na sha huɗu. Lauya ne ɗan ƙauye da ya zama sanata, ya riƙe muƙamin ministan tsaro a shekarun da ake yaƙi a dazukan ƙasarsu. Sau biyu yana neman shugabancin ƙasa, sau biyu yana shan kaye, daga baya aka turo shi jakada Washington don a huta da shi, zamansa ke nan. An ce a da in ya hau mumbari fili ba ya ɗaukar jama'a. Yanzu kuwa sai an ɗaura masa tawul a wuya kafin ya sha miya. Duniya rawar 'yan mata.

Bayan wankan safe abin yake taso masa. Sai ya damƙe hannun Sailuba, ya ce cikin Turancinsa na jakadu, "Su goma sha ɗaya ne. Ni na sa hannu. Ba a kogi aka zuba su ba, ƙarya muka yi. Suna bayan..."

"Baba, ga shayinka zai huce," in ji ta, tana shafa masa kafaɗa. "Dubi tsuntsayen can a taga."

Sai ya duba, sai ya lafa. Haka kullum, wata da watanni, har abin ya ja baya, ya daina zuwa gaba ɗaya. Aka yaba wa Sailuba a gaban ma'aikata, ita ma ta ji daɗi ƙwarai.

Wata Laraba sai ga wata dattijuwa, Amparo, ita ma mutuniyar Kolombiya, ta taso daga Greenbelt, can ɗaya gefen Washington, jirgin ƙasa biyu da bas, da hoto a jakarta. Hoton ɗanta ne Wilmer, ɗan shekara sha tara. Sojoji suka kwashe shi da abokansa goma a kasuwar garinsu, yau shekara ashirin da shida. Ta sha yawon ofisoshi har takalma sun gaji. Ba kotu take nema ba, ta bar wannan tuntuni. Ƙasusuwansa take so ta binne kafin a binne ta, kuma a cikin masu rai saura tsohon nan kaɗai ya san inda suke.

Jin "abokansa goma", Sailuba ta tuna da goma sha ɗayan da Don Aurelio ke ambata.

Amparo ta zauna gabansa ta nuna masa hoton. Ya yi murmushi irin na 'yan siyasa, ya ce kyakkyawan yaro ne, ya yi rajistar zaɓe kuwa?

Mako uku Sailuba tana yin abin da ba ta taɓa yi ba, tana tsokanar mara lafiya. Ta ambaci kogi, ta ambaci sha ɗaya, ta ce masa maƙaryaci, tana faɗa tana istigfari a zuci. A banza, ihu bayan hari. Hanyar da ta yi wata da watanni tana toshewa ta toshe, kuma aikinta ba ya da gyara.

A zuwanta na huɗu Amparo ta tsayar da ita a bakin ƙofa. "'Yata, ke ce tare da shi kullum. Bai taɓa cewa komai ba?"

Ƙarya ta zo wa Sailuba har baki, ta haɗiye ta. "Ya ce, Mama. Ya ce ba a kogi suke ba, suna bayan wani abu. Ya fi sau ɗari yana so ya faɗa. Ni ce ban taɓa bari ya ƙarasa ba."

Ta tsaya tana jiran zagi, da ma shi take so. Amparo ta ciro biro, ta juya hoton ta rubuta a hankali.

"Ba a kogi ba," ta ce. "Na gode. Shekara ashirin da shida, ba wanda ya taɓa gaya mini ko kwatankwacin wannan."