Kujerar da Pak Kasmuri Ya Daka

Bu Ngatmi, matar Pak Kasmuri, tana cikin jibgar sabon tebur da sarƙa sai maƙwabcinsu Parmin ya leƙo da waya a hannu, yana ƙyaƙyata dariya.

"Pak Kasmuri, an samo maganin 'yan gemun nan naku! Ƙaton kantin kayan ɗaki na Turawa ya buɗe reshe a Semarang. Wai duk wanda ya shiga, aske gemu yake yi, ya daina shan gahawa a kan tsohuwar ƙofar da aka mayar tebur."

"Allah ya sa su sha har su warke," in ji Pak Kasmuri, ko ɗagowa bai yi ba.

Shekara arba'in yana sassaƙar katakon jati, wani icce mai ƙarko, a garin Jepara. Sai ga samari 'yan gemu masu shagunan gahawa, ba su son komai sai tsoho. Da tsofaffin kaya suka ƙare, gari ya koma ƙera tsufa: a daki sabon katako da sarƙa, a huda shi da ƙusa kamar cin ƙwaro, a shafe shi da laka da ruwan shayi. Matarsa ta koya, da shi suke ci. Shi kuwa ya rantse hannunsa ba zai taɓa sarƙa ba, ga shi rabonsa da aikin sassaƙa na kirki har ya manta.

Sai kujera ɗaya. Wata uku ya yi yana fitar da furannin bayanta, ya goge ta har yatsa na zamewa. Makon jiya Mas Dhanu, wani saurayi mai gemu da ke da shagon gahawa a Semarang, ya gan ta.

"Ta yi kyau, Pak, sai dai sabuntar ta yi yawa. Ku tsufar da ita zuwa Asabar, in sa ka sassaƙa min ashirin irinta."

Ashirin! Aikin shekara guda ke nan da kurfin sassaƙa a hannunsa. Yau kuma Asabar.

"Ka tafi masallaci, Pak," in ji Bu Ngatmi a hankali. "Kafin ka dawo na gama."

"A'a, Bu. In dukan ya zama dole, ni zan yi mata."

Ya karɓi sarƙar. Bugun farko ya sauka a kan babban furen, ya ji shi har cikin haƙoransa. Bai tsaya ba sai da kujerar ta koma kamar ta kakan wani. Bu Ngatmi ta shafa lakar tana share ido da gefen ɗankwali.

Bayan la'asar Mas Dhanu ya iso, haɓa fes.

"Pak, yayi ya juya fa! Tun da kantin nan ya buɗe, kowa sumul yake so. Sai na tuna da kujerar nan taka mai santsi, tasu ko kusa ba ta kai ta ba. Ba ku dai taɓa ta ba ko?"

 Ya bi idonsu da kallo, ya ga kujerar, ya yi ta ba da haƙuri har ya shiga mota.

Bu Ngatmi ta ɗauko takardar goge katako. Pak Kasmuri ya sa yatsa a ramin da ke tsakiyar furen. Ya yi zurfin da guga ba za ta kai ba.

"Ajiye, Bu. Parmin ya yi gaskiya, yaron ya warke."

Ya jawo kujerar, ya zauna a kanta. Tun da ya ƙera ta bai taɓa zama a kai ba.