Jan Ƙyallen Baba

Shekara goma sha tara ina gadin jarrabawa, don haka in mutum yana ɓoye wani abu, tun daga yadda ya riƙe kafaɗarsa nake ganewa. Abin da nake taƙama da shi ke nan, kuma da wannan taƙamar na tafi wurin Baba.

Baba direban babbar mota ne, shekara talatin da biyar yana kan titi. Da ya ajiye aiki, bayan rasuwar mahaifiyarmu, mun ɗauka zai zauna jikoki su yi ta hawa kansa. Sai ya sayar da gidan gari, ya sayi fili a wani kwari, a ƙarshen wata hanya inda ko waya ba ta kamawa, ya gina ɗaki biyu ya tare. Ya ce ya sha hayaniyar da za ta ishe shi har kabari. Gida huɗu ne kacal a kwarin, duk na mutanen da suka baro gari don ra'ayin kansu, kowa nesa da kowa. Mota ɗaya ke zuwa, ranar Laraba, ta sauke gishiri da batir da kananzir ta juya.

Ni da Yayana mun daɗe da yanke shawara: mutum mai shekara saba'in da huɗu ba zai ci gaba da kwana shi kaɗai a daji ba. Da aka yi hutun makaranta na hau motar Laraba da niyyar mako guda, in lallaɓa shi in dawo da shi.

Washegari da safe na ga abu na farko da ban yarda da shi ba. Baba ya fito da wani jan ƙyalle, ya je wurin wata doguwar sanda da aka kafa a bakin shinge, ya rataye shi a ƙusa. Ƙusa biyu ce a jikin sandar, ɗaya can sama, ɗaya daidai ƙirjinsa, kuma a ta ƙasan ya rataye. Sannan ya kare ido da tafin hannu yana duban tsallaken kwari. Can kan tudu, a jikin wani ƙaramin gida, wani farin abu yana kaɗawa.

"Baba, wannan kuma fa?"

"Don Mai Zuma, maƙwabcina na kan tudun can, ya san na tashi, ni ma in san ya tashi. Da yamma kowa ya sauke nasa."

"In ba ka tashi ba fa?"

"Sai ya zo."

Ya faɗa kamar ba komai ba. Wane irin mutum ne zai wayi gari kullum yana leƙen ko tsoho ya tashi ko bai tashi ba? A duk kwarin, filin Baba ne kaɗai ke da idon ruwa da ba ya ƙafewa. Ba sai an zana mini hoto ba.

Da hantsi sai ga Mai Zuman da kansa. Dogo ne, siriri, ya kusa sa'ar Baba, yana warin hayaƙi, da madubin hangen nesa rataye a wuyansa. Ya gaishe ni ba tare da ya kalli idona ba.

"Malama, an zo lafiya? Ya hanya?"

"Lafiya lau, Malam. Wannan madubin na kallon zuma ne?"

"Na kallon abin da ya kamata a kalla ne."

Ka ji amsa. Ya wuce ni ya shiga ɗakin Baba ko sallama bai ƙarasa ba, suka yi ta ƙus-ƙus. Ina ɗaga labule suka yi tsit, irin tsit ɗin yara biyu da aka kama da takarda a ƙarƙashin benci. Da zai tafi ya tsaya a gindin gwaibar Baba, ya tsinke duk na saman reshe, ya zuba rabi a kwano, rabi a aljihunsa. Baba na kallo, ko tari bai yi ba.

Daga nan na buɗe ido sosai. Akwatin ƙarfen da Baba ke ajiye takardunsa, wanda tun muna yara mazauninsa saman kabad ne, na same shi a ƙarƙashin gado.

"Wa ya sauke wannan?"

"Mai Zuma."

"Takardun filin suna ciki?"

"Auta, ki bar akwatin nan ki zo ki sha shayi."

Na duba, suna nan, amma wannan bai kwantar mini da hankali ba, don mai haƙuri ba ya gaggawar ɗauka. Rediyo ma an sauke shi daga kanta zuwa kan tebur, gwangwanin sukari da na shayi duk sun dawo bakin taga. Komai na gidan an taɓa shi, kuma duk abin da na yi tambaya a kansa amsa ɗaya ce: Mai Zuma. Har wata kwalba na gani mai wani baƙin mai a ciki, wai shi ya haɗa wa Baba. Na shinshina, na ɓoye ta a bayan buhun shinkafa. Baba ya yi kwana biyu yana nemanta bai tambaye ni ba.

Maganar komawa gari kuwa, duk ta inda na ɓullo sai ya toshe. In na ce asibiti, ya ce akwai tsohuwar nas a bayan tudu. In na ce jikoki, ya ce su zo su sha iska. Ranar Litinin na kasa daurewa.

"Baba, mutumin nan jira yake ka mutu."

Ya ajiye kofinsa a hankali. "Kowa jira yake in mutu, Auta. Shi dai yana dubawa."

Maganar ta yi mini zafi, kuma zafin ne ya sa na yi abin da na yi. Na ƙudura ranar Laraba zan koma gari in zo da Yaya a motarsa washegari, mu haɗu mu biyu mu fi ƙarfin taurin kan Baba. Abin da ke damuna shi ne kwana ɗayan da zan bar shi. In Baba ya makara bai rataye ƙyallen ba, ga mutum ya samu dalilin shigowa, gida ba kowa sai tsoho da akwatin takardu.

Don haka da safiyar Laraba, ina jin ƙarar motar tana gangarowa, na ɗauki ƙyallen da guntuwar waya da filaya, na yi ɗage na ɗaure shi a ƙusar sama. Na murɗa wayar tamau yadda ko guguwa ba za ta cire shi ba. Mai leƙe ya leƙa ya ga ja, ya zauna a gidansa.

"Ki sauke shi," in ji Baba daga bakin ƙofa.

"Ka huta, Baba. Ba sai ka yi ta fita ba, gobe ina nan dawowa."

"Ba haka ake yi ba. In ya kwana a sama ƙarya yake yi. Ki sauke shi, na ce."

Direba ya danna hon. Na ce sai na dawo, na ɗauki jakata na ruga. Muna wucewa ta gindin tudu na hango Mai Zuma tsaye cikin amyoyinsa, ya bi motar da madubinsa har muka sha kwana. Na ce a raina, kalla da kyau.

Ranar Alhamis bayan azahar muka iso ni da Yaya. Tun daga nesa na hango jan ƙyallen yana kaɗawa a inda na bar shi, na ji daɗi. Da muka matso na ga bokitin ƙarfe a gefen sandar ya faɗi ya lotsa, takalmin Baba ɗaya a ƙasa, ga sawun baro ya nufi ƙofar ɗaki. Na shiga da gudu ina kiran Baba.

Yana kwance a kan gado, fuskarsa ta yi fari, an ɗaure masa ƙugu da zane da katako biyu. Wata tsohuwa mai tabarau tana zaune a gefensa, ita ce nas ɗin. Mai Zuma yana tsugune a bakin gado da kofi da cokali.

"Me ka yi masa?" Abin da ya fara fita daga bakina ke nan, Allah ya yafe mini.

Nas ɗin ce ta amsa. "Ƙashin kwatangwalo ne, 'yata. Jiya da yamma ya kifa bokiti ya hau zai sauke ƙyalle, bokitin ya goce. A nan gindin sandar ya kwana. Sai asibitin gari, kuma yau ɗin nan."

Na juya kan Mai Zuma, don har lokacin ina neman wanda zan ɗora wa. "Kai da madubinka, ina kake tun jiya?"

"Da yamma rana ta bayan gidan nan take faɗuwa, Malama, ba na ganin komai sai haske. Da safe na duba na ga ja. Har na juya zan shiga amya." Ya ajiye cokalin. "Sai na ce to, ai na ga tafiyarki jiya. Wa ya kai shi ƙusar sama? Mahaifinki hannunsa na dama ba ya wuce kafaɗa, yau wata takwas ke nan. Ni na buga masa ta ƙasan. Shi ya sa ban yarda da ƙyallen ba, na taho."

Na kalli rediyo a kan tebur, na kalli gwangwanaye a bakin taga, na kalli bakin akwatin da ke leƙowa daga ƙarƙashin gado. Mako guda ina zaune da Baba, yana zuba shayi da hagu, yana sa riga mai maɓalli maimakon wadda ake zurawa ta kai, ban gani ba. Ni mai gane kafaɗar mai ɓoye abu.

"Me ya sa ba ku faɗa mini ba?"

"Ni na hana shi," in ji Baba, muryarsa can ƙasa. "Da kin sani, da tun ranar kin ɗaure ni a mota."

Na je bayan buhun shinkafa na ɗauko kwalbar man na ajiye a kan tebur. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mu huɗu muka ɗauke shi a kan ƙyauren ɗaki muka shimfiɗa shi a bayan motar Yaya. Nas ta ja ni gefe ta ce mai shekarunsa in ya karye a nan, ko ya warke ba zai sake zama shi kaɗai ba. Abin da na zo nema ke nan, ga shi na samu, kuma ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba.

Yaya ya tayar da mota, Baba ya ɗaga hannun hagu ya ce a tsaya.

"Auta, je ki sauke ƙyallen. Ba kowa a gidan."

Na koma da filaya. Da ma na murɗe wayar sosai, sai da ta yanke ni a yatsa kafin ta saki. Na miƙa wa Mai Zuma ƙyallen da hannu biyu, na durƙusa a gabansa na ce masa, "Baba, ka yafe mini." Ya ce ba komai, Allah ya ba shi lafiya, ya ninke shi ya sa a aljihun da yake zuba gwaiba.

Sai da muka fara hawan hanya Baba ya sake magana, idonsa a rufe.

"Gidana ne kaɗai ke hango nasa."

Na juya na leƙa ta gilashin baya. Mai Zuma yana hawan tudunsa a hankali yana tura baro, farin ƙyallensa yana can rataye a jikin gida, kuma gobe da safe zai sake rataye shi.